Sallar ɗan takara tasa ce, baitulmali namu ne

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, sahun gaba a masallatan Juma'a yakan yi sababbin baƙi. Tun kafin liman ya hau mumbari za a ga motoci masu baƙin gilashi sun tare bakin ƙofa, 'yan sanda biyu ko uku sun tsaya wajen ajiye takalma, an shimfiɗa wata darduma ta daban a bayan liman. Ana sallamewa ladan ba zai ajiye lasifika ba, sai ya ce jama'a a ɗan dakata, muna da babban baƙo. Baƙon ya miƙe, ya yi salati, ya jawo aya ɗaya ko biyu, ya ce ya lura rufin masallaci yana yoyo, don haka ya ɗauki nauyin gyaransa. A yi kabbara. Kafin ya kai ga mota, ɗaya daga cikin muƙarrabansa ya riga ya zagaya ta ƙofar liman da ambulan a aljihu. Zuwa la'asar hoton yana yawo a Facebook, an ɗauke shi daidai lokacin da ya ɗaga hannu yana addu'a.

Da dare kuma, a majalisa da teburin mai shayi, gardamar ɗaya ce: da gaske yake ko riya ce? Wani ya ce ya san shi tun suna makarantar allo, ba ya wasa da salla. Wani ya ce shekara uku ke nan rabon da a ga ƙeyarsa a unguwar. A ganina dukansu biyu suna kashe dare a kan tambayar da ba ta da amsa, kuma ko da an samo amsar, ba ita za ta kai magani asibitin garinsu ba.

Addinin da ake ta jayayya da sunansa ya riga ya rufe wannan ƙofa. Lokacin da Usama ɗan Zaidu ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a fagen fama, ya kawo uzurin cewa tsoron takobi ne ya sa shi faɗa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tambayarsa ya yi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya gani. Mun saba jawo wannan hadisi don hana kiran wani munafuki, kuma daidai ne. Sai dai wuƙar baki biyu gare ta. Wanda ya hau mumbari ya rantse wa jama'a cewa wane mai kishin addini ne, mai tsoron Allah, a zaɓe shi don Allah, shi ma ya yi iƙirarin tsaga zuciya. Idan ba mu da ikon yanke wa mutum hukuncin riya saboda ya yi salla a gaban kyamara, to ba mu da ikon ba shi shaidar taƙawa saboda wannan sallar.

A ma ɗauka an tabbatar da ikhlasin nasa. Abu Zarri yana cikin sahabban da aka fi sani da gaskiya da gudun duniya, amma da ya nemi a ba shi muƙami, Manzon Allah ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, kuma abin amana ne, ranar ƙiyama wulaƙanci ne da nadama sai ga wanda ya riƙe shi bisa haƙƙinsa. Ba a tuhumi imaninsa ba, aikin ne aka ga ya fi ƙarfinsa. Aya ta 26 a Suratul Ƙasas ta ambaci siffa biyu ga wanda ya fi dacewa a ɗauka aiki: mai ƙarfi, amintacce. Dukansu abubuwa ne da ake gane su ta hanyar mu'amala. Shi ya sa aka ruwaito Sayyidina Umar yana tambayar mai yabon wani mutum ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su, don ganin mutum yana ruku'u da sujada a masallaci bai isa shaida ba. Haka alamomin nan uku na munafiki da kowane ɗan Islamiyya ya haddace: in ya yi zance ya yi ƙarya, in ya yi alkawari ya saɓa, in aka amince masa ya ci amana. Malamai sun bayyana cewa munafuncin aiki ake nufi, ba fita daga addini ba. Abin lura shi ne babu ko ɗaya cikin ukun da ke buƙatar leƙa zuciya. Ana iya bin diddiginsu da takarda da biro.

Arewa ta riga ta yi wannan gwaji da jikinta, kuma ta biya shi da tsada. Ranar 27 ga Oktoba 1999 gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, dokar ta fara aiki a Janairun 2000. Jama'a sun yi tururuwa daga ko'ina, wasu a kan manyan motoci, wasu sun kwana a fili. Kafin ƙarshen 2001 jihohi goma sha biyu sun shiga sahu. Duk wanda ya ce talakawan da suka cika filayen nan ba da gaske suke ba, bai san su ba. Sun fito daga shekaru goma sha biyar na mulkin soja, kuma abin da suke nufi da Shari'a a fili yake: alƙalin da ba ya cin hanci, mudun da ba a tauye ba, zakkar da za ta isa ga mabuƙaci, da hukuncin da zai hau kan babba kamar yadda yake hawa kan ƙarami. Gwamnonin da suka yi jan ƙafa sun ga yadda jama'a suka juya musu baya, kuma batun yana cikin abubuwan da aka yi yaƙin zaɓen Kano da su a 2003, lokacin da Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da Rabi'u Musa Kwankwaso. A Kaduna kuwa, rikicin Fabrairu da na Mayun 2000 ya ci rayuka fiye da dubu, ya raba garin gida biyu, rabon da har yau bai gama ɗinkewa ba.

To me ya biyo baya? A Maris na 2000 aka yanke hannun wani mutumin Jangebe a kan satar saniya. Ba a taɓa yanke na kwamishina ko na shugaban ƙaramar hukuma ba, gwamna kuwa sashe na 308 na tsarin mulki ya ba shi rigar kariya muddin yana kan kujera. Hukuncin yanke hannu ko kisa ba ya zartuwa sai gwamna ya sa hannu, kuma bayan 'yan shekarun farko gwamnoni suka daina sa hannu ba tare da sun fito sun faɗi dalili ba. Aka bar mutanen da aka yanke wa hukunci suna zaune a kurkuku shekara da shekaru, ba a zartar ba, ba a sallame su ba. An sami wasu alherai, ba za a musa ba: Hisba ta sasanta ma'aurata da maƙwabta masu yawa waɗanda da kotu za su ƙare, hukumomin zakka sun share wa wasu hawaye. Amma a Zamfarar nan gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Jihar da aka yanke hannu kan saniya ɗaya ta wayi gari ana kora garke-garke da rana tsaka. A Fabrairun 2021, a garin Jangeben nan dai, aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana. Da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa a 2022, mutum miliyan 133 ta lissafa, kusan kashi biyu cikin uku suna Arewa, Sakkwato ce kan gaba. Wannan ba laifin Shari'a ba ne. Laifin shi ne mun karɓi shelar a matsayin cika alkawari, muka tsaya muna tambayar ko gwamna da gaske yake, ba mu tambayi nawa aka ware wa kotuna, nawa ne albashin alƙali, wa zai binciki asusun jiha ba.

Zaɓen 2023 ya maimaita darasin da wani salo. A Yulin 2022, a Daura, Bola Tinubu ya sanar da Kashim Shettima a matsayin mataimaki, daga nan kalmar tikitin Musulmi da Musulmi ta mamaye mumbarori da majami'u wata bakwai. A wannan ɓangare aka ce jihadi ne, wanda bai zaɓa ba ya juya wa addini baya. A wancan ɓangare aka ce shiri ne na musuluntar da ƙasa, aka yi ta kiran Kiristoci su ƙwato ƙasarsu, Peter Obi yana zagaya manyan majami'u. Ranar da aka gabatar da Shettima a Abuja har an ga wasu mutane cikin shigar bishop-bishop, ƙungiyar Kiristoci ta ƙasa, CAN, ta fito ta ce ba nata ba ne. Kowane ɓangare yana buƙatar hoton malaman addini a bayansa.

Amma a duba abin da aka yi ta faɗa a kansa. Cikin manyan 'yan takara huɗu, uku Musulmi ne. Gardamar gaba ɗaya a kan kujerar mataimaki take, kujerar da tsarin mulki bai ba ta wani iko mai yawa ba: mataimaki yana shugabantar Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda shawara kawai take bayarwa, sauran aiki kuwa sai abin da shugaba ya ga dama ya miƙa masa. A daidai wannan lokaci, Tinubu da Atiku da Obi duk sun faɗa a bainar jama'a cewa za su cire tallafin man fetur. Ba su ɓoye ba. Wannan shi ne batun da zai shiga tukunyar kowane gida, kuma shi ya kamata a ce malamai da fastoci sun tsare 'yan takara a kai: yaushe za a cire, a hankali ko lokaci ɗaya, me aka tanadar wa mai keke Napep da manomin rani da ke ban ruwa da injin fetur, ina rarar kuɗin za ta tafi. Huɗuba nawa aka yi a kan haka? Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin a jawabin rantsuwa, cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba ta haura 500 a Arewa. Mutum zai iya goyon bayan wannan mataki ko ya ƙi shi, masana tattalin arziki ma sun rabu. Abin takaicin shi ne yankin da ya ba Tinubu sama da ƙuri'a miliyan biyar da rabi cikin miliyan 8.79 da ya samu bai yi cinikin komai a kan batun ba, don hankalinsa yana kan sunan mataimaki.

Malamai ma sun biya nasu kuɗin. Da zanga-zangar tsadar rayuwa ta tashi a Agustan 2024, da yawa daga cikinsu sun yi kira a zauna a gida, wasunsu da kyakkyawar niyyar gudun zubar da jini. Matasa ba su saurara ba, kuma amsar da suka riƙa bayarwa ɗaya ce: ku kuka ce mu zaɓa. Malamin da ya jingina mutuncinsa da ɗan takara ya ba da aron abin da ba shi da ikon karɓowa. Ranar da yake buƙatar a ji maganarsa don a tsare rai, sai ya tarar ya riga ya kashe ta a kamfe.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ita kanta ƙuri'ar addinin da ake tallatawa ba dunƙulalliya ba ce kamar yadda dillalanta ke nunawa. A 2023 Atiku ya ci Katsina da Sakkwato da Kebbi da Kaduna da Bauchi, Kwankwaso ya ɗauke Kano da ƙuri'a kusan miliyan ɗaya, Tinubu ya ci Zamfara da Jigawa da Borno. Binuwai, jihar da Kiristoci suka fi rinjaye, tikitin Musulmi biyun ta zaɓa, a shekarar da ta zaɓi limamin Katolika Hyacinth Alia gwamna a jam'iyyar Tinubun. A 1993 Abiola da Kingibe, su ma tikitin Musulmi da Musulmi, sun sami ƙuri'un Kiristoci masu yawa, kuma sun kayar da Bashir Tofa a Kano, mahaifarsa. Mutane suna zaɓe ne da dalilai da yawa a cakuɗe: ɗan gida, jam'iyya, gwamnan da ke kan mulki, tsoro, yunwa, da addini a cikinsu. Amma akwai masu cin abinci da nuna cewa addini ne kaɗai, kuma makullinsa yana aljihunsu.

Ga yadda harkar ke tafiya a mafi yawan wurare. Wata shida ko bakwai kafin zaɓe sai ƙungiyoyi su fara tsirowa, na limamai, na alarammomi, na malaman Islamiyya, na matasan coci, kowace da shugaba da sakatare da dogon jerin sunaye da lambobin waya. Jerin nan shi ne hajar. Ana kai shi ga mai ba gwamna shawara kan harkokin addini ko ga daraktan kamfe, a ce muna da mutum dubu kaza a ƙananan hukumomi kaza. Sai a shirya taron addu'a ko saukar Alƙur'ani, a kira gidan talabijin. Kuɗin yana fitowa a dunƙule, ya bi hannu uku ko huɗu, kowane hannu ya ɗebi nasa. Alaramman da ya baro tsangayarsa tun asuba, ya yini a rana, abin da ke isa gare shi da ƙyar ya wuce kuɗin mota. An yi amfani da rawaninsa da allonsa, almajiransa kuwa suna nan yadda ya bar su.

Sama da wannan akwai manyan kyaututtuka uku: kujerar Hajji, abincin azumi, da ginin masallaci. A kan kowannensu tambayar farko ita ce, da kuɗin wa? A 2024 kujerar Hajji ta haura naira miliyan shida. A shekarar, albashin gwamna na asali, ban da alawus-alawus, bai kai naira miliyan biyu da rabi a shekara ba. Wasu gwamnonin da arzikinsu suka shigo, gaskiya ne. Amma idan aka ce mai girma ya biya wa mutum ɗari kujera, maganar sama da naira miliyan ɗari shida ake yi, kuma kusan kullum daga asusun jiha take fitowa, ko ta hukumar jin daɗin alhazai ko ta kuɗin tsaro da ba a bin ba'asinsa. Kujera ɗaya ta fi abin da mai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 zai samu a shekara bakwai. Hajji kuwa bai wajaba a kan wanda ba shi da hali ba, amma biyan haƙƙin ma'aikaci wajibi ne, kuma jinkirin mai hali zalunci ne kamar yadda hadisi ya faɗa. Jihar da 'yan fanshonta ke bin ta garatuti na shekaru, sannan ta raba kujeru, ta ɗauki nafila ta ɗora a kan farilla. Akwai kuma ɓarnar da ba a gani sai an isa Mina: kujerun jami'ai, waɗanda aka tanada don likitoci da malaman bita da 'yan agaji, idan aka cika su da 'yan jam'iyya, tsohuwar da ta sayar da gonarta ta biya kuɗinta ita ce za ta rasa mai kama mata hannu zuwa jifa. A shekarar 2024 ɗin gwamnatin tarayya ta sa naira biliyan 90 a tallafin Hajji. Ɓangaren Kirista ma yana da nasa, kujerun ziyarar Urushalima, da irin wannan rabo da irin wannan lissafi.

Ciyar da mai azumi aikin lada ne, kuma a shekarun nan akwai gidajen da ba don kunu da ƙosan cibiyoyin nan ba da ruwa za su sha ruwa. Ba na cikin masu cewa a daina. Amma jihohi suna ware biliyoyin naira don aikin wata ɗaya, kuma abinci ne da ake cinyewa, ba ya barin shaida. Idan ba a wallafa adadin cibiyoyi, da sunan ɗan kwangilar kowace, da yawan kwanon da aka yi yarjejeniya a kullum, da farashin kowane kwano ba, babu mai iya gane ko an dafa buhu goma ko uku. Masallaci kuma sau da yawa aikin mazaɓa ne, wato kuɗin kasafin ƙasa, sai a manna allo da sunan ɗan majalisa kamar daga gadon mahaifinsa ya gina. Da wani ma'aikacin zakka ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Manzon Allah ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Ita ce tambayar da ta dace da mai rabon ma: da yana zaune a gidan ubansa, da yana da abin rabawa? Allah mai tsarki ne, ba Ya karɓar sai mai tsarki, kuma mutum ba ya sadaka da abin da aka ba shi ajiya.

Akwai masu cewa, to yanzu addinin shugaba ba shi da wani muhimmanci ke nan? Yana da shi, kuma raina wannan damuwa rashin adalci ne. Kiristan da ya shekara goma yana neman takardar filin coci a wani gari na Arewa, da Musulmin da aka hana 'yarsa sa hijabi a makarantar gwamnati a wani gari na Kudu, ba mafarki suke yi ba idan suka ji tsoron wanda zai hau mulki. Wanda ya rasa 'yan'uwa a rikicin bayan zaɓen 2011, da ya ci rayuka fiye da 800, ba za a ce masa ya manta ba. Son ganin naka a inda ake yanke shawara ɗabi'a ce ta ɗan Adam, tsarin mulki ma ya amince da ita a sashe na 14 da ya yi maganar raba muƙamai. Sai dai maganin wannan tsoro alkawari ne takamaimai da za a iya bibiya: takardar fili cikin wata kaza, doka a rubuce kan suturar ɗalibai, hukunta wanda ya kashe ko daga wane ɓangare yake. Ɗan takarar da ya ce ni naku ne kawai, ya karɓi ƙuri'a bai ɗauki bashin komai ba. Shi kuma talakan da ya karɓi taliya da atamfa ba wawa ba ne. Ya lura cewa wannan ne kaɗai abin da ke isowa ƙofarsa daga gwamnati a shekara huɗu. Mai son ya daina karɓa sai ya nuna masa abin da ya fi shi.

Abin da ya fi shi kuwa ana iya aunawa. Wanda ya taɓa riƙe muƙami ya bar sawu. Yawancin jihohi yanzu suna sa kasafin kuɗinsu a intanet, tare da rahoton aiwatarwa na kowane wata uku. Kada a tsaya a abin da aka ware, a duba abin da aka saki, don nan ne ake yaudarar mutane: a ware wa ilimi kaso mai tsoka a yi shela, a ƙarshen shekara a tarar rabi ma bai fita ba, alhali kuɗin tafiye-tafiye da na gidan gwamnati ya fita cif. A duba ko jihar ta biya nata kason ta karɓo kuɗin hukumar UBEC, domin dokar 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ilimin farko, amma jiha ba ta samu sai ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta, kuma biliyoyi kan yi shekaru a ajiye ba a karɓa ba, a ƙasar da yara ke karatu a ƙasa. A duba lafiya ta kai kashi goma sha biyar cikin ɗari da shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja a 2001 ko ba ta kai ba. A tambayi malamin firamare ranar da albashi ke shiga, a tambayi ɗan fansho. A ziyarci asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa da ƙarfe goma na dare a ga ko akwai ungozoma da wuta. Ga kuma rantsuwar kama aiki, wadda ke cikin jadawali na bakwai na tsarin mulki: mutum ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ko Littafi Mai Tsarki ya ce ba zai bar son zuciyarsa ya rinjayi aikinsa ba, zai yi wa kowa adalci ba tsoro ba son kai. Cikin duk ibadun da ɗan siyasa ke yi a gaban jama'a, wannan ce kaɗai aka yi da mu, kuma ita muke da haƙƙin bin sa bashinta.

Idan ƙungiyar addini ta ga lallai sai ta mara wa wani baya, to ta yi shi da rana. Ta rubuta buƙatunta da adadi da wa'adi, ajujuwa nawa, malaman tsangaya nawa za a sa a albashi, rijiyoyi nawa, ta gayyaci duk 'yan takara ba ɗaya ba, ta karanta amsar kowa ga mabiyanta, ta dawo bayan shekara ta faɗi abin da aka cika da wanda aka saɓa. Shugabanninta kuma su bayyana duk mota ko fili ko kujerar da aka ba su, don kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma mabiya suna da haƙƙin sanin ko fatawa suke ji ko aski ake yi.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta hana kamfe a wuraren ibada a sashe na 92, sashe na 97 kuma ya sa tarar da za ta iya kai naira miliyan ɗaya ko ɗaurin shekara ɗaya ga mai kamfe da addini ko ƙabila, jam'iyya kuwa miliyan goma. Da wuya ka ji an gurfanar da wani, kuma ba na sa ran ɗan sanda zai shiga masallaci ya karɓe lasifika. Kwamitin masallaci ne zai iya. Ƙa'idar ba ta da wuya: ɗan takara ya zo ya yi salla a inda ya sami wuri kamar kowa, ba a ba shi lasifika, ba a ajiye masa sahu. Daga ranar da aka buɗe kamfe, kwana 150 kafin zaɓe a waccan dokar, ba a karɓar gudummawar mai neman kujera sai bayan an kaɗa ƙuri'a. Wadda aka karɓa a sauran lokuta ta shiga asusun banki mai sa hannun mutum biyu, a karanta ta a gaban jama'a.

Inda wannan ke rushewa shi ne aljihun liman. Mafi yawan limaman unguwa ba su da albashi, suna da iyali, ana tashinsu tsakar dare don jana'iza da rashin lafiya, jama'a kuma sun ɗauka Allah zai ciyar da su ba ta hannun kowa ba. Mutumin da ke cikin wannan hali, ambulan ba ƙaramar jarrabawa ba ce gare shi, kuma mu da muka bar shi haka ba mu da bakin zarginsa. Masallacin da magidanta 500 ke salla a cikinsa, in kowa ya ba da naira 500 a wata, an tara naira 250,000. Ta isa a ba liman da na'ibi da ladan naira 70,000 kowannensu, a bar 40,000 don wuta da ruwa. Rufin da ɗan takara zai gyara a mako biyu wataƙila ya ɗauki jama'a damina biyu suna tara kuɗin kwano, ana jera bokiti a sahu na uku. Amma limamin da jama'arsa ke biya zai iya tsayawa ranar Juma'a ya ce malaman firamaren garin nan wata uku ba a biya su ba, ko da shugaban ƙaramar hukuma yana zaune a sahun gaba.